Yadda Ake Yin Fallen Farin Cakulan da Busassun 'Ya'yan Itatuwa da Furanni a Gida

Duk wadda ta taɓa sayen cakulan a wani kanti a kan titin Ahmadu Bello cikin watan Afrilu, ta jefa shi a jaka, ta isa gida ta tarar ya zama kunu a cikin takardarsa, ta riga ta san rabin abin da zan yi bayani a nan. Man koko, wanda shi ne jigon farin cakulan, yana narkewa ne daf da zafin jikin mutum, wajen digiri 34 a ma'aunin Salshiyas, alhali zafin Kaduna a watannin Maris da Afrilu yakan wuce haka da tsakar rana. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki a garinmu shi ne hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, sa'ad da iska ta bushe sarai, safiya kuma take zuwa da sanyin da zai sa cakulan ya daskare da kansa a kan tebur ba tare da an nemi firji ba. Ana iya yinsa a sauran watanni, kuma zan faɗi yadda za a lallaɓa, amma wadda za ta gwada karon farko ta jira sanyi, ta kuma fara da sassafe bayan an sallame sallar asuba, kafin rana ta ɗumama ɗakin girki.

Abin da ake yi ɗin ba shi da wuyar faɗa. Ana narka farin cakulan, a malale shi a kan takarda ya yi faɗi, a barbaɗa masa busassun 'ya'yan itatuwa da gyaɗa ko kashu da furannin da ake ci, a bar shi ya daskare, sannan a kakkarya shi gutsi-gutsi ba tare da an damu da daidaiton yanka ba. Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin ɓawon itace saboda gargadar da ke fuskarsa, ni kuwa fallen cakulan nake ce masa, domin falle guda ake yi kafin a karya. Uwargidan da ta iya alewar gyaɗa ko kantun riɗi ta san hannun aikin, sai dai alewa tana son wuta sosai, shi kuwa farin cakulan wuta kaɗan ma tana ɓata shi, ruwa kuma ɗigo ɗaya ya isa ya lalata kwano guda.

Aikin yana farawa ne tun a kanti, wajen karanta bayan takarda. Farin cakulan na gaskiya haɗi ne na man koko da sukari da madarar gari, tare da ɗan ƙamshin banila da wani sinadari da ake samu daga waken suya domin ya haɗa kansu. Ba a sa masa baƙin garin koko, shi ya sa ba shi da ɗaci kuma ba shi da launin ƙasa. Kamfanin Nestlé na ƙasar Suwizalan ne ya fara sayar da shi da yawa a shekarun 1930. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000, haka ma ta Amurka da ta fara aiki a 2004, sun tanadi cewa ba za a kira abu farin cakulan ba sai yana da aƙalla kashi 20 cikin ɗari na man koko da kashi 14 na busasshiyar madara. Idan aka duba jerin kayan haɗi aka ga man alayyadi ko wani man tsiro a inda ya kamata a ga man koko, to wannan kwaikwayo ne, irin wanda masu kek suke saye buhu-buhu don lulluɓe kek. Ido ma yana rarrabewa, domin na gaskiya yana da ɗan ruwan ɗorawa kamar man shanu, na kwaikwayo kuwa fari ne fat kamar alli. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a kuma guji wanda aka cusa wa wani abu a ciki, domin ba ya narkewa daidai, kuma wasu daga cikin na ƙasashen waje da giya ake haɗa abin cusawar.

Ba na raina na kwaikwayo. Yana da araha, ba ya bukatar daidaita zafi, yana kuma jure ranar Kaduna fiye da na gaskiya, don haka idan tsaraba za a kai Zariya ko Kano a mota cikin bazara, shi ne zai isa da siffarsa. Aibinsa shi ne yakan bar maiƙo mai kama da kakin zuma a ganɗa, ba ya narkewa a baki ya ɓace kamar yadda man koko yake yi. Na gaskiya kuma ya yi tsada ainun a 2024, shekarar da farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya bayan amfanin gona ya lalace a Kodebuwa da Gana, ƙasashe biyun da suka fi kowa noma shi a lokacin. Abin da ke damuna a nan shi ne Nijeriya tana noman koko a Ondo da Kuros Riba da Osun, tana da cibiyar binciken koko a Ibadan tun 1964, amma yawancin farin cakulan da muke samu a kantunanmu daga waje yake shigowa. Ko wanne uwargida ta zaɓa, idan sayarwa za ta yi, ta faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki.

Giram 400 na cakulan ya isa faranti mai tsawon santimita 30 da faɗin 20, kuma zai ba da kauri kimanin rabin santimita, wanda shi ne daidai. Idan ya fi haka kauri zai gundure mai ci, idan ya fi haka siranta ba zai riƙe kayan da aka ɗora masa ba. Kayan barbaɗawa gaba ɗaya kada su wuce giram 150.

Wajen zaɓen waɗannan kaya ne na fi son a tsaya a yi tunani, domin farin cakulan yana da zaƙi ƙwarai, kusan rabinsa sukari ne, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara masa zaƙi a kan zaƙi. Hankalin Bahaushiya yakan fara zuwa kan dabino, kuma dabino yana da kyau a ido idan aka yanka shi siri-siri, amma idan shi kaɗai aka sa tare da zabibi, gutsure biyu ya isa ya ginshi mutum. Abin da fallen yake bukata shi ne tsami, da ɗan yaji, da gishiri, da abin da zai yi ƙaras a haƙori. Tsamin yana wajen zoɓo da busasshiyar abarba da mangwaron da bai gama nuna ba. Yajin yana wajen citta, kuma ba sai mun je nesa ba, domin cittar Kachia da sauran garuruwan kudancin jihar nan tana cikin waɗanda ake nema har ƙasashen waje saboda ƙarfin ƙamshinta, duk da cewa cutar da ta faɗa wa gonaki a 2023 ta sa ta yi tsada. A fere ɗanyar citta, a yanka ƙanana kamar ƙwayar masara, a dafa ta a ruwa a zubar da ruwan farko, a sake dafawa da sukari har ruwan ya tsotse, a shanya ta ta bushe. Ƙaras ɗin kuma yana wajen soyayyar gyaɗa da aka murje ɓawonta, ko kashu, ko riɗin da aka soya sama-sama, ko kwakwar da aka goge aka gasa har ta fara ja. A tsince gyaɗar da kyau, a zubar da duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna, domin irinta tana ɗauke da guba mai cutar da hanta wadda suya ba ta kashewa. Busasshiyar aya ba ta dace ba, tana da taurin da zai iya cutar da haƙori idan aka ci karo da ita a cikin abu mai laushi.

Haɗin da na fi so shi ne mangwaro giram 50, kashu giram 50, dabino guda 4, citta cokalin shayi 2, da garin zoɓo da furen wardi don ado. Wadda ke son tsami sosai tana iya rage dabinon, ta barbaɗa ɗan farin garin 'ya'yan kuka, wanda ake damawa da nono, ba koren garin miya ba.

Mangwaro yana cika kasuwa ne daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da cakulan ba ya zama, don haka sai an yi tanadi. A zaɓi wanda ba shi da zare kuma yana da sauran ƙarfi, a fere, a yanka falle-falle siriri, a jera a kan raga a cikin oba a wuta mafi ƙanƙanta, wajen digiri 60, a bar ƙofar a ɗan buɗe domin tururi ya fita, har sai ya zama kamar fata, yana lanƙwasuwa amma ba ya fitar da ruwa idan aka matsa shi. Wannan yakan ɗauki sa'o'i 6 zuwa 8. Wadda ba ta da oba ta shanya a rana a kan faifai mai tsabta, ta rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, ta riƙa shigar da shi da yamma, kwana 2 ko 3. A adana shi a kwalba mai murfi. Abarba haka ake yi mata, sai dai ta fi daɗewa saboda yawan ruwanta. Ɗanyen ɗan itace kowane iri ne, har da sitiroberin da ake kawowa daga Jos mai ɗaukar ido, ba shi da wuri a kan wannan falle, domin ruwansa zai zubo ya narkar da sukarin cakulan, kafin kwana biyu kuma ya fara ruɓewa.

Zoɓo yana bukatar nasa bayani. Jan abin da muke jiƙawa ba ganyen furen ba ne, kwanson da ke riƙe da furen ne, wanda yake yin kauri bayan furen ya faɗi, kuma irinsa ne ake lodi daga Jigawa da Kano zuwa Meziko inda su ma suke yin abin sha da shi. Idan aka ɗora shi a kan cakulan yadda aka sayo shi, zai yi tauri a baki kamar busasshiyar fata, ga kuma yashin da ba a raba shi da shi. A wanke shi da sauri a ruwa biyu, a shanya ya sake bushewa ƙayau, sannan a daka a turmin da ba a daka yaji a ciki, a tankaɗe. Garin mai laushi a barbaɗa shi kamar kwalli, tsakin kuma a ajiye don shayi. Idan ana son ganin siffarsa, a zaɓi manya, a dafa su minti 10 a ruwan sukari mai kauri, a tsame, a shanya a kan takarda har su daina danƙo. Jan zoɓo a kan farin cakulan ya fi duk wani launin kwalba kyau, kuma launin kwalba mai ruwa-ruwa ma cure cakulan yake yi idan aka ɗiga masa.

Sai batun furanni, inda kwalliya take iya jawo ciwo idan ba a kula ba. Ba kowane fure mai kyau ne ake ci ba, kuma wasu daga cikin mafiya kyau a gidajen Malali da Barnawa da Unguwar Rimi guba ne. Zaƙami mai farin fure kamar kakaki yana gusar da hankali har ya kai ga kisa. Tumfafiya mai furanni ruwan hoda tana da farin ƙaro mai cutarwa. Itacen ƙarya da ake dasawa a tukwane saboda jan furensa, da oliyanda da ake shinge da ita, dukkansu suna da gubar da ke taɓa zuciya. Ƙa'idar ita ce kada a ɗora fure a kan abinci sai an san sunansa, an san ana cinsa, an kuma san inda ya tsiro. Furen da aka sayo wajen masu sayar da furannin biki an fesa masa maganin ƙwari, wanda aka tsinko a bakin titi kuma ya sha hayaƙin motoci da ƙura, duk a bar su.

Waɗanda na amince da su su ne furen wardi da aka shuka a gida ba tare da feshi ba, da furen zogale wanda dama muna cinsa, da ƙananan furannin ɗoɗɗoya da na na'a-na'a, da furen lemu mai ƙamshi. Ana samun busasshen wardi da labanda da kamomil a shagunan da ke sayar da kayan shayi. Na taɓa tsayawa a Kasuwar Barci wajen wani dattijo mai kayan ƙamshi, na nuna wani busasshen wardi mai kyau a cikin kwalba, sai ya ce, "Hajiya, na shayi kike so ko na turare? Wannan na masu haɗa turaren wuta ne, an riga an zuba masa mai." Ya buɗe ya miƙo mini, ƙamshin humra ya bugi hancina, yatsana kuma ya fito da maiƙo. Na ce, "Baba, na ci nake nema." Ya ɗauko wani a leda, launinsa bai kai na farkon haske ba, ƙamshinsa kuma sai an kai hanci kusa. Wannan tambaya tasa ita ce ya kamata kowace mai saye ta riƙa yi da kanta.

Furen gida a tsinke shi da hantsi bayan raɓa ta bushe, a karkaɗe shi saboda ƙananan ƙwari, a ɗauraye a hankali, a cire ganyen furen ɗaya bayan ɗaya. A wardi, a gutsure ɗan farin gindin kowane ganye domin yana da ɗaci. A baza su a inuwa, ba a rana ba, tunda rana tana cinye launi; iskar hunturu takan busar da su cikin kwana 2 zuwa 3. Idan ana son su fito a miƙe kamar zane, a jera su tsakanin farar takarda biyu, a danne da littafi mai nauyi na mako guda ko biyu. Labanda tana da ƙarfi, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ya isa faranti guda, idan ta yi yawa sai cakulan ya yi ɗanɗanon sabulu.

A gama shirya duk waɗannan, a yanka na yankawa, a jera su a ƙananan kwanoni kusa da hannu kafin a kunna wuta, domin da zarar an zuba cakulan babu sauran lokacin neman wuƙa. Kayan aikin su ne tukunya ƙarama, kwanon silba ko na gilashi da zai zauna a bakinta ba tare da gindinsa ya taɓa ruwa ba, cokalin roba mai faɗi, faranti, da farar takardar gashi irin wadda ake shimfiɗawa a gwangwanin kek. Kada a yi amfani da muciya ko cokalin katako, domin katako yana riƙe danshi yana kuma riƙe ƙamshin miya, man koko kuwa yana jan wari da sauri, ko daddawa ce ko albasa ko busasshen kifi. A goge komai ya bushe ƙarau. Ranar da na fara koya wa 'yar wana, na fita amsa sallama na minti biyu, ita kuma don kada ƙura ta faɗa ciki sai ta rufe kwanon da murfi. Da ta ɗaga, gumin murfin ya ɗiga ciki, tana juyawa cakulan ɗin yana haɗe kansa har ya koma kamar tuwon da bai ji ruwa ba. Ta ce, "Gwaggo, me na yi?" Laifin nawa ne da ban gaya mata ba, kuma dalilin shi ne ɗigon ruwa yana jiƙa ƙwayoyin sukari su manne da juna su rabu da mai. Wanda ya cure ba zai ƙara yin falle ba, amma ba a zubar da shi. Mun ƙara masa madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan muna juyawa har ya saki, muka zuba shi a kan kek.

A yanka cakulan ƙanana da wuƙa, a ware giram 300 a kwanon, a ajiye giram 100 a gefe, shi kuma a yanka shi ya fi laushi. A zuba ruwa kamar tsayin gaɓar yatsa biyu a tukunya, a bar shi ya yi zafi har ya fara tsuwa, sannan a kashe wutar ko a sauke tukunyar daga kan gawayi, kafin a ɗora kwanon. Zafin da ya rage a ruwan ya isa. A riƙa juyawa a hankali daga gefe zuwa tsakiya. Madarar da ke cikin farin cakulan tana ƙonewa da wuri, don haka kada zafinsa ya wuce digiri 45. Idan ya wuce sai ya yi kauri, ya yi tsaki-tsaki, launinsa ya juya. Idan saura 'yan gudaji kaɗan, a sauke kwanon, a goge gindinsa da tsumma nan take saboda ruwan da ke ɗiga, a ci gaba da juyawa har su narke.

Wadda ta sayi na kwaikwayo ta narka giram 400 ɗin gaba ɗaya ta wuce wajen zubawa. Na gaskiya kuwa sai an daidaita zafinsa, kuma wannan mataki shi ne yake raba fallen da ke sheƙi yana karyewa ƙas, da wanda ke lanƙwasewa yana narkewa a yatsa. Man koko yana iya daskarewa ta siffofi 6 daban-daban, kuma ta 5 ce take ba da sheƙi da ƙarfi. Idan aka narka shi, waccan siffa ta rushe, idan kuma aka bar shi ya huce yadda ya ga dama, sai ya daskare a siffofi marasa ƙarfi. Giram 100 ɗin da aka ajiye yana nan da siffarsa ta asali, don haka shi ne iri, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara domin ta kama. A zuba shi kashi uku, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa, kowane kashi ya narke kafin a ƙara wani, har zafin ya sauko digiri 28 zuwa 29. Wannan yakan ɗauki minti 10 zuwa 15, kuma juyawar ba ta da madadi. Idan an kai wannan zafi da sauran gudaji, a tsame su. Idan ya huce ya yi kauri da yawa, a mayar da kwanon kan ruwan ɗumi na daƙiƙa 5 kawai, a sauke, a juya, kada ya haura digiri 30, in ba haka ba sai an sake daga farko da sabon iri. Irin ma sai ya kasance lafiyayye. Sandar da ta taɓa narkewa a shago ta sake daskarewa ba za ta yi wannan aiki ba.

Ma'aunin zafi na girki ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin cakulan, kuma ina ba da shawarar a saya. Idan babu, a ɗiga kaɗan a ƙasan leɓe, inda fata take saurin ji. Idan ya yi ɗumi bai kai ba, idan aka ji ɗan sanyi-sanyi to ya kusa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a tsoma bakin wuƙa a ajiye a gefe. Idan cikin minti 5 ya daskare da sheƙi, bai bar alama a yatsa ba, an dace. Idan har lokacin yana jiƙe, a ƙara ɗan iri a ci gaba da juyawa.

A juye shi a tsakiyar takardar, a baza da bayan cokali zuwa gefuna, a ɗaga farantin a buga shi a tebur sau biyu ko uku domin kumfar iska ta fito fuskar kuma ta kwanta. Daga nan akwai kimanin minti 3 zuwa 5 kafin ya fara kamawa, a safiyar sanyi ma bai kai haka ba. A fara da masu nauyi, kashu da mangwaro da dabino, a ɗan danna kowanne da bayan cokali ya nutse rabi, domin wanda aka ajiye a sama kawai zai zube wajen karyawa. Sai citta da kwakwa, sai garin zoɓo daga sama ta cikin rariya, sannan furanni a ƙarshe, ɗaya-ɗaya da busassun yatsu. Furen zogale fari ne, ba zai fito ba sai an ɗora shi a inda zoɓo ya yi ja. A bar sarari tsakanin kaya domin farin ya bayyana, a kuma tuna cewa za a karya shi, don haka kowane yanki mai faɗin yatsa uku ya samu ɗan tsami da ɗan ƙaras da fure. A rufe da ɗan gishiri, abin da yatsu biyu suka ɗauka, a barbaɗa shi daga nesa. Mutane da yawa suna jin nauyin sa gishiri a kayan zaƙi, amma shi ne yake fito da ɗanɗanon madarar.

Hunturun da ke taimakon cakulan shi ne kuma yake kawo ƙura, saboda haka a rufe taga, a kifa babban kwando ko rariya a kan farantin yadda iska za ta shiga amma ba abin da zai taɓa fuskar. A ɗaki mai sanyi zai kama cikin minti 20 zuwa 30, amma a bar shi sa'a 2 kafin a karya domin ya gama ƙarfi. A lokacin zafi, a yi aikin da dare a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko a sa farantin a firji na minti 10 zuwa 15 kawai, ba a cikin gidan ƙanƙara ba. Alamar ya yi ita ce ya saki takardar da kansa idan aka ɗaga gefe. A karya shi ta bayan takardar domin yatsa mai ɗumi yana barin shaida, ko a tsaga shi da wuƙa tun yana da sauran laushi idan ana son yanka madaidaici na saka wa a kwalin gara ko na kayan Sallah.

A jera gutsattsarin a roba mai murfin da ke kamawa sosai, a sa takarda tsakanin kowane hawa, a ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, nesa da murhu da kayan miya. Kusa da randa yana da kyau muddin murfin ba ya shigar da danshi. Idan komai busasshe aka sa, zai yi mako 2 lafiya. Idan an sa ɗanyen fure, a cinye shi a ranar ko washegari. Firji a garinmu yana da matsala, domin idan wuta ta ɗauke ya ɗumama, ta dawo ya sake sanyi, man yakan taso sama ya yi furfura, gumi kuma ya narkar da sukari ya bar fuskar da gurje-gurje. Ba ya cutarwa idan aka ci, amma laushin ya tafi, launin zoɓo ma yakan zuba ya ɓata farin. Idan ba makawa sai firji, kamar a damina da bazara, a naɗe robar da leda, kuma idan aka fito da ita a bar ta a rufe na sa'a guda har ta daina sanyi, domin gumin ya tsaya a jikin robar maimakon a kan cakulan. Wajen rabawa, a sanar da mutane akwai gyaɗa ko kashu a ciki saboda masu jikin da ba ya karɓarsu, a kuma tsame wa ƙananan yara yankin da ba shi da ƙwaya. Idan baƙi za a kai wa, a fito da shi a kan faranti daf da lokacin da za a zuba shayi, shayin kuma a rage masa sukari.